Matsalar Hoto a Tsofaffin Wasannin Kwamfuta

Matsalar hoto a tsofaffin wasannin kwamfuta ita ce tangarɗar da ke fitowa a allo idan aka kunna wasan shekarun 1990 a kwamfutar yanzu: launuka su rikice, hoto ya baje, ko allon ya yi baƙi ƙirin wasan ya ƙi tashi. Galibi wasan lafiyarsa ƙalau. An dai rubuta shi ne da harshen katunan hoto na zamaninsa, wato na'urorin cikin kwamfuta masu zana hoto a allo, katunan yau kuwa ba sa jin wannan harshe.

Glide ne babban misali. Kamfanin 3dfx na Amurka ya fito da katin Voodoo a 1996, Glide kuma ita ce hanyar da wasa ke bi ya ba katin umarni. Tomb Raider da Unreal da Diablo II duk sun yi aiki da ita. Da Nvidia ya sayi kadarorin 3dfx a ƙarshen 2000 aka daina ƙera katin, wasannin suka zama marayu. Masu kishinsu ne suka cece su, suka rubuta manhajoji masu aikin tafinta, irin su nGlide da dgVoodoo 2. A dgVoodoo 2, fayil ake kwafa, misali glide2x.dll, a ajiye a foldar wasan. Wasan na miƙa umarninsa a zaton Voodoo ne, tafintan na juya shi zuwa Direct3D 11 ko 12, harshen hoto na Windows wanda sabon kati ke ganewa. Wannan hanya tana da tsafta, domin ba ta taɓa wasan kansa. In ba ta yi ba, goge fayil ɗin kawai za a yi.

Wasannin da ke aiki da DirectDraw (tsohuwar hanyar zana hoto ta Windows), masu launi 256, nasu ciwon daban ne. A Windows 7 tsarin kwamfutar yakan kutsa cikin jerin launukan da wasa ya tanada, shi ya sa a Age of Empires II ruwa ke komawa shunayya, ciyawa ta yi jaja-jaja. 'Yan wasa sun daɗe suna rufe explorer.exe, manhajar da ke nuna fuskar Windows, kafin su fara, su buɗe in sun gama. Yanzu tafintan DirectDraw mai suna cnc-ddraw da makamantansa sun ɗauke wannan wahala.

Sai batun fasalin allo, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin wasannin DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, ɗigo 320 ne a faɗi, 200 a tsaye, amma tsohon allo mai ƙeya yana miƙe hoton ya cika ma'aunin 4:3, masu zanen kuma da wannan lissafi suka yi aikinsu. A allon zamani sai fuskoki su taɓare, da'ira ta koma ƙwai. A DOSBox, manhajar da ke kunna wasannin DOS a kwamfutar yanzu, rubuta aspect=true a fayil ɗin saiti yana dawo da fasalin. Haka wasan 640×480 a allo mai faɗin 16:9: gara a bar baƙin fili dama da hagu da a ja hoton ya cika allon.