Kwaɗon Goliyat: tambayoyin da aka ishe ni da su

Da gaske ya kai girman da ake faɗa?

Ya kai. Tsawon jikinsa na iya kaiwa santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3. Babu kwaɗon da ya fi shi a duniya.

A ina ake samunsa?

Kudu maso yammacin Kamaru da Ikwatoriyal Gini, a koguna masu gudu da duwatsu cikin kurmi. Ba ya zaman kududdufi.

To kwaɗo ne fa, mene ne na tayar da hankali?

Haba jama'a! Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta daɗe da sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa. Ana sare kurmi don katako da gonaki, ruwan sama ya kwaso laka ya cusa kogi, wurin ƙwai ya lalace. Mafarauta kuma su bi dare da fitila suna kwashe manya, alhali manyan ne ke haihuwa.

Me zai hana a yi kiwonsa kawai, kowa ya huta?

Da abin mai sauƙi ne da tuni an yi. Gidajen namun daji sun gwada, hayayyafarsa a tsare ta yi wuya ƙwarai. Yana son ruwa mai tsabta, mai gudu ba tsayawa. 'Ya'yansa kuwa, tun suna da jela, wata ciyawa ce da ke manne da duwatsun kogi abincinsu. Ga shi da gina wurin ƙwai da kansa: binciken da aka wallafa a 2019 kan kogin Mpoula na Kamaru ya nuna yana ture duwatsu masu nauyin har kilo 2, ya share ɗan tafki a gefen ruwa, babba ya kwana yana gadi. Wa zai haɗa masa wannan a cikin tanki? Ban ce har abada ba zai yiwu ba, wataƙila wata rana a dace. Amma ko an dace, in kogin ya mutu ina za a mayar da su? A ganina abin da ya fi kusa shi ne a bar bishiyoyin bakin kogi, a daina farauta lokacin ƙwai. Wannan ma sai an samar wa mafarauci wata hanyar abinci, don ba don nishaɗi yake shiga ruwa da dare ba.

Yana da dafi?

Ba shi da. Kwantar da hankalinka, shi ke gudunka.

In na ga ana sayarwa, in saya in sake shi?

Kul! Kuɗinka ne zai mayar da mai kamun kogi gobe.