Sandar giya ta yi tauri: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini a kan giris

Tun da hunturu ya shigo, babu ranar da wani ba zai tsaya bakin gareji ya ce giyarsa ta yi tauri ba. Tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsoshinsu, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

A cikin giyabos ake zuba giris ɗin?

A'a. Giyabos man giya yake sha. Maganarmu a kan gindin sandar da kake riƙewa ne, da mahaɗan da ke kai motsin hannunka zuwa giyabos.

In ƙara sabon giris a kan tsohon kawai?

Kada ka soma. Wannan ne kuskuren da ya fi ɓata mini rai, domin masu yinsa gani suke gyara suka yi. Gindin sandar ƙwallo ne da ke juyawa cikin wani kofi na roba mai tauri. Golf 3 da ta cika tashoshinmu tun 1991 aka fara ƙera ta, kuma da yawa giris ɗin kamfani ne a gindinsu har yau. Makon jiya na ɗaga murfin wata ta haya, na tarar da ɓawon gyaɗa, tsinken sakace da yashi, giris ɗin kuwa ya bushe kamar ƙanzo, sai da na sa bakin sukudireba na kankare shi. In ka lafta sabo a kan wannan, yashin ka ba wa abin hawa. Zai yi ta gurzar kofin har sandar ta koma rawa kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. A wanke tukuna, sannan a shafa.

Baƙin mai zai yi?

Ba zai yi ba. Zai tsiyaye cikin kwana biyu, ya bar maka wari da ƙura.

WD-40 fa?

Wanki yake yi da sassauta tsatsa. Ba giris ba ne.

To wane iri zan saya?

Inda roba ke haɗuwa da ƙarfe, nemi giris na silikon, shi ne ba ya kumbura roba. Inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, farin giris na litiyom ya isa. Baƙin nan na shaf a bar wa shaf. Kuma Malam, ɗan kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar wake biyu a kan yatsa. Duk abin da ya yi saura a waje tarkon ƙura ne.

Ni da kaina zan iya?

Za ka iya, kada ka tsorata. Ja birkin hannu, sa giya a firi, kashe mota. Kan sandar wani murɗe shi ake yi ya fita, kamar na yawancin Toyota, wani kuma maƙale yake da maɗauri, don haka kada ka sa masa ƙarfi. Sau da yawa ma ba sai ka cire shi ba, fatar da ta rufe gindin kawai za ka ɗaga sama. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Goge tsohon giris da tsumma da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe. Duba kofin: in ya tsage ko ya cinye, canji yake so, giris ba ya mayar da abin da ya zaizaye. Shafa sabo, ka zagaya da sandar kowace lamba sau da yawa, ka goge abin da ya fito, ka rufe fatar ruf. In fatar ta yage a ɗinke ta ko a sake ta, don ta nan ƙurar ke shiga.

A Golf 3 ta yau da kullum aikin bai ƙare a cikin mota ba. Buɗe bonet, akwai sanduna da ƙananan ƙwallayen roba, su ma suna son wanki. In kuma aikin ya kai ka ƙarƙashin mota, kada ka kwanta jak kaɗai na riƙe da ita. Na faɗa na sake faɗa.

Tawa mai kebul ce, in ɗura wa kebul ɗin mai?

To, nan ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba. Motoci irin su Corolla da wasu Golf 4 kebul biyu gare su, ɗaya na kai sandar hagu da dama, ɗaya na gaba da baya. Cikin bututun akwai shimfiɗa mai santsi, bakinsa kuma a toshe yake da roba, an yi shi ne ya yi aiki ba tare da an ƙara masa komai ba. A ƙa'ida kawunansa biyu kaɗai ake shafa wa giris. Amma ƙa'ida daban, abin da muke gani daban.

Fara gano ko shi ne mai laifin. Cire kawunan daga jikin giyabos, ka motsa sandar. In ta saki, kebul lafiyarsa lau, sai ka duba hannun da ke kan giyabos, wataƙila tsatsa ce ta kama shi. In har yanzu da tauri, kuma ka riga ka wanke gindin sandar, to kebul ne. Daga nan ya danganta. In robar bakinsa ce ta yage ruwan damina ya shiga, feshin silikon kan sassauta shi, wani ya kai wata biyu, wani mako ɗaya ya dawo yadda yake. In kuwa zafin salansa ne ya narkar da shimfiɗar ciki, ko zaren wayar ya fara tsinkewa, babu man da zai yi masa magani, kuma ranar da zai tsinke ba zai yi maka sallama ba. Wanda ke yawo cikin gari, aljihu kuma ba nauyi, ba zan hana shi lallaɓawa da feshi ba. Direban da ke ɗaukar fasinja Kano zuwa Maiduguri kuwa, ni dai shawarata ya canza. In na hannu za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka ja wayar da hannunka a gaban mai kaya, ka lanƙwasa bututun kaɗan ka sake ja. Sannan ka yi alama a wurin saiti kafin ka kwance, in ba haka ba garin neman gira ka rasa ido: ka nemi lamba ɗaya ka samu uku.

Na sa giris, amma har yanzu tana gurnani in zan shiga ribas.

Kwantar da hankalinka, ba lallai giyabos ne ya tafi ba. Kashe mota, taka kuloci, zagaya lambobin. In suna shiga sumul a kashe amma suna gardama in inji na aiki, kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Duba mansa ko saitinsa. Ribas ta fi saurin tona wannan asiri, domin a tsofaffin motoci da yawa ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora. In lamba ɗaya tak ce ke ƙara, misali ta biyu, zoben nata ne ya cinye. In kuma taurin na safiya ne, ya saki bayan mota ta ɗumama, duba man giya. Inda littafin motarka ya ce GL-4, kada a zuba maka GL-5 a ce duk ɗaya ne, domin wasu irinsa ba sa shiri da zobban tagulla.

Laifi ne in ɗora hannuna a kan giya ina tafiya?

Laifi ne. Nauyin hannun yana danna ƙarfen da ke tura giya a ciki. Mayar da shi kan sitiyari.

Sau nawa zan riƙa yi?

In hanyarka ta ƙasa ce, duba shi bayan kowane hunturu. In kwalta kake bi kuma fatar ba ta yage ba, bar shi sai ka ji ya fara nauyi.