Ikon koci a kan 'yan wasa a ƙwallon ƙafa

Ikon koci shi ne hurumin da mai horar da 'yan wasa yake da shi na zaɓen waɗanda za su buga, da sauya salon wasa ana tsakiyar fafatawa, da hukunta ɗan wasan da bai taɓuka abin kirki ba. Hukuncin kan zo ta hanyar ciro shi daga fili, ko ajiye shi a benci, ko cin sa tara, ko kuma sayar da shi.

Asali

A farkon zamanin ƙwallon sana'a a Ingila, daraktocin kulob ne ke zama su fitar da sunayen masu bugawa, shi kuwa manaja kusan sakatare ne kawai. Herbert Chapman, wanda ya riƙe Huddersfield Town kafin ya koma Arsenal a 1925, yana cikin na farko da suka karɓe wannan aiki suka riƙe a hannunsu. Shi ke sayen 'yan wasa, shi ke tsara musu inda kowa zai tsaya. A tawagar ƙasa abin ya ɗauki lokaci. Walter Winterbottom ya horar da Ingila daga 1946 zuwa 1962, amma kwamiti ne ke da ta cewa kan zaɓe. Alf Ramsey bai karɓi aikin ba sai da aka sakar masa wannan iko, kuma ya nuna shi a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966. Jimmy Greaves ya warke daga rauni, jama'a na son ganinsa, amma Ramsey ya bar Geoff Hurst a gurbin. Hurst ya ci uku, Ingila ta doke Jamus ta Yamma 4-2.

Canji

Kafin a halatta canji, koci ba shi da abin yi da ɗan wasan da ya lalace a fili sai tsawa daga gefe. Gasar Ingila ta yarda da canji ɗaya a kakar 1965-66, na wanda ya ji rauni kawai, bayan kamar shekara biyu aka buɗe shi ga kowane dalili. A Kofin Duniya an fara canji a 1970. Adadin ya kai uku a tsakiyar shekarun 1990, ya zama biyar a 2020 saboda annobar korona, aka tabbatar da shi a 2022. Ciro mutum tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba shi ne mafi zafi, domin a gaban dubban 'yan kallo ake yi. Kocin Chelsea José Mourinho ya yi wa Joe Cole da Shaun Wright-Phillips haka a wasan Chelsea da Fulham a 2006.

Zamanin Ferguson

Babu wanda ake yawan kawowa misali kamar Alex Ferguson, wanda ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013. A wasan ƙarshe na Kofin FA na 1990 an tashi 3-3 da Crystal Palace, sai ya ajiye golansa Jim Leighton, wanda suka daɗe tare tun a Aberdeen, ya saka Les Sealey a maimaicin wasan. United ta ci 1-0, kuma wannan ne kofinsa na farko a kulob ɗin. Leighton bai sake samun gurbinsa ba. David Beckham ya tafi Real Madrid a 2003, watanni kaɗan bayan takalmin da Ferguson ya shura cikin fushi ya same shi a saman ido. Kyaftin Roy Keane ya bar kulob ɗin a Nuwamba 2005 bayan ya caccaki abokan wasansa a tashar talabijin ta ƙungiyar. Abin lura shi ne a duk waɗannan lokuta shugabannin kulob sun tsaya a bayan kocin, kuma a nan ƙarfinsa yake.

Pep Guardiola ya bi irin wannan hanya a Barcelona a 2008, inda ya sallami Ronaldinho da Deco tun da shigarsa.

Iyakar ikon

Hukuncin Bosman na 1995, wanda kotun Tarayyar Turai ta yanke, ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta, albashi ya hau, sallamar koci ɗaya ta fi wa kulob sauƙi a kan sauya tawaga. A Kofin Duniya na 2010 'yan wasan Faransa sun ƙi fita atisaye a Knysna da ke Afirka ta Kudu bayan an kori Nicolas Anelka saboda sa-in-sa da kocinsu Raymond Domenech. A 2019 golan Chelsea Kepa Arrizabalaga ya ƙi fita lokacin da kocinsa Maurizio Sarri ya nemi canza shi a wasan ƙarshe na Kofin League, aka ci shi tarar albashin mako guda.

Masu sharhi sun rabu kan ko tsawatarwa a bainar jama'a na gyara ɗan wasa ko karya masa gwiwa take yi. A manyan kulob-kulob na yau, daraktan wasanni ne ke riƙe da yawancin harkar saye da sayarwa.