Zanen miƙa jiki ya girmi TikTok nesa ba kusa ba

Har yanzu ana ta cece-kuce kan bidiyoyin nan na masu kwanciya a kan ƙatuwar takarda, gawayi a hannu biyu, suna juyi suna miƙewa har iya inda hannu ya kai. Wasu na cewa neman suna ne kawai, wai an mayar da birgima sana'a don a tara mabiya.

Labarin da aka fi maimaitawa kan asalin irin wannan zane shi ne na mai zane Jackson Pollock a Amurka, da ya shimfiɗa yadin zane a ƙasa wajen 1947 yana zagayawa yana ɗiga fenti, sai Kazuo Shiraga a Japan mai riƙe igiya yana murza fenti da ƙafa a shekarun 1950. Daga nan sai a tsallako zamanin waya kamar ba abin da ya faru a tsakani.

Ni kuwa a ganina gadon jinya ya fi ɗakin nuni tasiri a wannan harka. Rebecca Horn, Bajamushiya, tana ɗaliba a ƙarshen shekarun 1960 ta riƙa sassaƙa da faibagilas, wato roba mai zaren gilashi a ciki, ba takunkumi, gubar ta taɓa mata huhu, ta shafe wajen shekara a killace tana jinya. Mai aikin ƙarfi ta koma ba ta da komai sai fensir mai launi da allura da zare, kuma duk abin da ya wuce tsawon hannunta ya zama nesa. To da ta miƙe, tambayar da ta fito da ita kenan, ina jiki yake ƙarewa? A 1972 ta haɗa safar hannu mai dogayen yatsu na katako marar nauyi, tana taɓa abu daga tsaye ba tare da ta sunkuya ba. A shekarar dai ta ɗinka wani takunkumin madauri da fensira jere a kai, ta ɗaura a fuska, ta tsaya dab da takarda tana kaɗa kai hagu da dama, layukan na taruwa suna yin duhu daidai iya juyin wuyanta. Kallonsa ma akwai takura wallahi, ba ado a ciki ko kaɗan.

Ko Henri Matisse ma, mai zanen nan na Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, daga kan gado yake zane a bango da gawayi ɗaure a bakin doguwar gora.

Carolee Schneemann ta biyo a 1973 tana reto a igiya da kirayon a hannu, Tony Orrico kuma, wanda asalinsa ɗan rawa ne, ya fara nasa na kwanciya rubda ciki a 2009.