Ciyawar roba ta filin wasa a gida

Ciyawar roba shimfiɗa ce mai kama da kafet, wadda ake yi da zaren roba ana ɗinka shi a jikin ƙyalle mai kauri, don ta maye gurbin ɗanyar ciyawa a filin wasa. Ba ta neman ban ruwa ko yanka, shi ya sa masu gidajen da ke da fili a harabarsu suke shimfiɗa ta don ƙwallon ƙafa ta mutum biyar-biyar, tanis, padel (wasa mai kama da tanis da ake yi a ƙaramin fili mai bango kewaye) ko wurin guje-gujen yara.

Asali

Kamfanin Monsanto na Amurka ne ya fara ƙera ta, da sunan ChemGrass, aka kuma gwada ta a wata makaranta a birnin Providence a 1964. Ta yi suna a 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a rufaffen filin Astrodome na Houston, bayan ciyawar gaske ta mutu a ciki saboda an shafe gilasan rufin da fenti, hasken rana ya daina isa gare ta. Daga nan sabon sunanta, AstroTurf, ya samo asali. Ta farkon gajeren zaren nailan ce, mai tauri, mai goge fatar wanda ya faɗi. Daga baya aka fito da mai yashi a tsakanin zare, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka samu mai dogon zaren polyethylene (wani nau'in roba mai laushi) da ake cikawa da yashi da garin tsohuwar taya. Ita ce FIFA ta fara ba wa shaidar inganci tun 2001, kuma a kan irinta aka buga dukkan wasannin gasar kofin duniya ta mata a Kanada a 2015.

Wasan ne ke zaɓar ciyawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya shafa samfuri a shago, ya ji laushi, ya ga kore shar, ya biya. Yawancin masu laushin nan na ado ne, don lambu ko wurin biki aka yi su. Idan aka buga ƙwallo a kansu kullum, zaren zai kwanta a bakin raga da tsakiyar fili tun ba a je ko'ina ba.

Abin da za a fara tambaya shi ne tsawon zare. Ƙwallon ƙafa tana son milimita 40 zuwa 60, domin ƙusoshin takalmi su samu abin kamawa, ƙwallo kuma ta gangara yadda take yi a ciyawar gaske. Tanis da padel suna son gajere, wajen milimita 10 zuwa 20, cike da yashi, don ƙwallon ta yi tsalle daidai. A kan dogon zare sai ta mutu inda ta sauka. Shi kansa padel a cikin gida aka haife shi, domin Enrique Corcuera ya fara gina filinsa a gidansa da ke Acapulco ta Meziko a 1969, kuma girman filin mita 20 ne a tsawo, 10 a faɗi. Ƙwallon kwando kuwa ba ta shiri da ciyawar roba sam, siminti ko tayil ɗin roba mai tauri take buƙata. Wanda yake son fili ɗaya ya yi wasanni da yawa, gajeren zare mai yashi ya fi yi masa hidima, amma ya sani babu wasan da zai samu cikakken abin da yake so.

Bayan tsawo sai kaurin zare, wanda ake aunawa da dtex, wato nauyin mita 10,000 na zaren a giram. Sai yawan ɗinki a kowane murabba'in mita. Gwaji mai sauƙi shi ne a juya samfurin, a duba bayansa: layukan ɗinki su kasance kusa da juna, ramukan fitar ruwa su fito fili, sannan a kama zare kaɗan a ja da ƙarfi. Idan ya zaro cikin sauƙi, a ajiye shi.

Abin da ke ƙarƙashi

A nan aikin yake, kuma nan ne aka fi yin rowa. Ana kwashe ƙasar sama, a shimfiɗa ƙyallen hana tsiro, a zuba dakakken dutse kamar santimita 10 zuwa 15, a daɓe shi da inji har ya zauna, a bar ɗan gangare na kusan santimita 1 a kowace mita don ruwan sama ya nufi magudana. Ciyawa mai tsada a kan ƙasar da ba a daɓe ba za ta yi kwari da tudu bayan damina guda, ƙwallo ta riƙa kaucewa, idon sawu ya riƙa gurɗewa. Idan a kan siminti za a ɗora, ya kamata a sa katifar roba siririya a tsakani saboda gwiwoyi da faɗuwar yara.

Ciyawar tana zuwa a nannaɗe, galibi mai faɗin mita 2 ko 4. Dole kowane ƙyalle ya fuskanci gefe guda, domin zaren yana da kwanciya kamar gashin dabba. In an juya ɗaya, launinsa zai bambanta da na kusa da shi, kuma ba ya gyaruwa bayan an manna da gam.

Zafi, ƙura da garin taya

Babban aibin ciyawar roba shi ne zafi. Da tsakar rana fuskarta kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, abin da ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato ko Zinder, lokacin bazara, filin ba ya takuwa sai da safe ko bayan la'asar, sai dai in akwai rumfa ko inuwar bishiya. Yayyafa ruwa yana sanyaya ta na ɗan lokaci ne kawai. Baƙin garin taya yana ƙara zafin, don haka yashi zalla ko ɓawon kwakwa da aka niƙa sun fi dacewa da gida. Akwai kuma batun muhalli: a 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 za a daina sayar da garin roba na cike filaye, saboda yadda yake bin ruwa zuwa koguna. Hasken rana da gilashin taga ke mayarwa kan fili ma yana iya narkar da zaren a wuri ɗaya.

Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zare ta toshe ramukan ruwa. Maganinta shi ne sharewa da buroshi mai tauri, ana tayar da zaren sama, tare da ƙara yashi inda ya ragu. Filin da ake kula da shi haka yakan kai shekara 8 zuwa 10 kafin a sake shimfiɗa, kuma a lokacin daɓen ƙasan yana nan, ciyawar kawai ake canzawa.