Aƙidar Fifita 'Yancin Mutum da Muhawarar Mallakar Bindiga

Aƙidar fifita 'yancin mutum, wadda ake kira libatariyanci, ra'ayin siyasa ne da ke cewa kowane baligi shi ke da iko da kansa da dukiyarsa, kuma hukuma ba ta da hurumin sa masa hannu sai in ya taɓa haƙƙin wani. Tushenta yana komawa ga John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, a ƙarni na 17. A 1859 wani masanin falsafa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya kafa ƙa'idar da ake yawan kafa hujja da ita: ba a tilasta wa mutum sai don a hana shi cutar da wasu. Robert Nozick na Jami'ar Harvard ya ƙara matse aikin gwamnati a 1974, ya ce bai wuce kare mutane daga fin ƙarfi da sata da zamba, da tabbatar da cika yarjejeniya ba. A Amurka aƙidar tana da jam'iyyarta, wadda aka kafa a Colorado a 1971.

Babu inda aka fi gwada wannan ra'ayi kamar batun bindiga. Mabiyansa suna cewa wanda ke da haƙƙin rayuwa yana da haƙƙin kare ta, kuma kafin 'yan sanda su iso sau da yawa mai afkuwa ta riga ta afku. Mutumin da ya ajiye bindiga a ɗakinsa bai cuci kowa ba, to da wane laifi za a karɓe ta? Suna kuma ganin makami a hannun jama'a birki ne ga gwamnatin da ke son zalunci.

Dokar Amurka ta karkata gare su. Gyara na Biyu ga tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya kare haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa. An daɗe ana jayayya ko haƙƙin na mayaƙan sa-kai ne kawai, har zuwa shari'ar Heller a 2008, inda alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce na kowane mutum ne. Hukuncin Bruen na 2022 ya faɗaɗa shi zuwa fita da bindiga waje. Amma alƙali Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin Heller, shi da kansa ya ce haƙƙin yana da iyaka, kuma a shari'ar Rahimi ta 2024 kotun ta yarda a hana bindiga ga wanda alƙali ya tabbatar barazana ne ga abokin zamansa.

A nan ne ƙa'idar Mill take yin rauni. Ta yi magana kan cutarwa, alhali bindigar da ke ajiye haɗari ce da bai faɗa kan kowa ba tukuna. Ana kama direban da ya sha giya tun bai buge kowa ba, domin jiran sai ya kashe wani rashin hankali ne. Masu neman a tsaurara doka suna cewa haka bindiga take. Masu kare mallakar bindiga suna amsa cewa mafi yawan masu bindiga har su mutu ba su harbi kowa ba. Nozick ma ya yarda cewa ayyuka masu haɗari matsala ce babba ga tsarinsa.

Alƙaluman suna da nauyi. A 2021 bindiga ta kashe mutum fiye da 48,000 a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Wannan kaso abin tausayi ne, kuma ya fi komai wahalar da aƙidar, domin wanda ya harbi kansa bai taɓa haƙƙin wani ba, amma da wuya a ce mutumin da baƙin ciki ya rufe wa ido na sa'a guda yana zaɓi ne cikin 'yanci.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin John Howard a Ostareliya ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Birtaniya ta haramta yawancin ƙananan bindigogi a 1997, bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane. Sai dai ko ɗaya cikinsu ba ta da irin Gyara na Biyu a tsarin mulkinta, kuma an ƙiyasta cewa bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun fi mutanen ƙasar yawa.