Takardar tsarin zama ba doka ba ce: abin da ya wajaba a kan jagoran ƙananan 'yan sikawut a Amurka

Shekarar da ɗana ya shiga aji biyu na firamare a nan Amurka, aka tara mu iyaye da yamma aka ce yara bakwai 'yan ajinsu sun yi rajistar sikawut, amma babu babban da zai jagorance su. Kowa ya sunkuyar da kai. Da na ga yaran sun zuba mana ido, sai na ɗaga hannu. Kafin in kai gida an turo mini shafin ƙungiyar na intanet, cike da tsare-tsaren zama: ga wasan da za a fara da shi, ga kayan da za a tanada, ga abin da jagora zai faɗa. Tambayar da ta hana ni barci a daren ita ce: shin dole ne in bi wannan takarda layi bayan layi, ko ina da ikon tsara nawa?

Daga baya na gane wannan tsohuwar gardama ce tsakanin jagorori. Wasu na ganin duk wanda ya kauce wa rubutaccen tsari ya cuci yara. Wasu kuma, musamman waɗanda suka daɗe a harkar, na ganin takardar ta kashe basirar jagora, ta mayar da sikawut tamkar wani ajin makaranta. Da na zauna na karanta dokokin da kaina, sai na ga kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani.

Bari in fara da yadda abin yake. Ƙungiyar da aka kafa a 1910 da sunan Boy Scouts of America, wadda ta koma Scouting America a Fabrairun 2025, tana da sashen ƙananan yara mai suna Cub Scouts tun 1930. Yana ɗaukar yara daga ajin share fage zuwa aji biyar, kuma tun 2018 har da 'yan mata. Kowane aji da sunansa: Lion, Tiger, Wolf, Bear, Webelos, sai Arrow of Light. Ana haɗa yara shida zuwa takwas 'yan aji ɗaya a ƙaramin rukuni da suke kira "den", wato kogon namun daji, kuma irinsu da yawa su ne ke haɗuwa su zama babban rukuni mai shugaba da kwamitin iyaye. Jagoran ƙaramin rukuni ba ma'aikaci ba ne. Uba ne ko uwa, da ya taso daga aiki a gajiye ya zo ya yi sa kai.

Doka ta farko tana cikin kundin ƙungiyar na ƙa'idojin samun lamba, wanda ake kira Guide to Advancement, kuma gajera ce ƙwarai. Ta ce a cikin ƙungiyar babu majalisar yanki, ko kwamiti, ko gunduma, ko rukuni, ko wani mutum ɗaya, da ke da ikon ƙari ko ragi a kan sharuɗɗan samun lamba. A tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Yunin 2024, yaro na samun lambar ajinsa idan ya kammala zango takwas, wato jerin ayyuka a kan jigo ɗaya-ɗaya: shida na dole, biyu na zaɓi. Na dolen sun shafi hali da jagoranci, fita daji, motsa jiki, zama ɗan ƙasa nagari, kare kai daga cutarwa, sai iyali da addini. Kowane zango na da 'yan sharuɗɗa a rubuce, in yaro ya cika su a ba shi ɗan zoben ƙarfe ya zura a bel ɗinsa, manyan kuma a ba su fil. Waɗannan sharuɗɗan su ne dokar. Jagora ba zai ce wannan ya yi wuya ya tsallake shi ba, ba kuma zai ce ya yi sauƙi ya ɗora nasa a kai ba.

Mutane sun fi lura da haramcin ragi, amma ni na fi jin tsoron ƙari, domin shi ne jagora mai himma ke faɗawa ciki da kyakkyawar niyya. A ce sharaɗi ya ce yaro ya yi tafiyar minti talatin a waje. Jagora ya ga yaransa ƙarfafa ne, ya ce sai wanda ya yi awa biyu zai samu zobe. Yana da damar kai su tafiyar awa biyu in iyaye sun yarda kuma yaran za su iya. Abin da ba shi da dama shi ne ya hana zoben ga yaron da ya cika minti talatin ya gaji. Haka ma jarrabawa: ba a sake titsiye yaro da tambayoyi kafin a ba shi abin da ya riga ya yi wa aiki. Ma'aunin ƙananan yara shi ne takensu, wato ka yi iya ƙoƙarinka. Ba a neman gwaninta, amma ana neman a ga yaro ya gwada da gaske. Kuma a kula da kalmar aikin da ke cikin sharaɗi. In an ce ya nuna, to ya nuna da hannunsa. In an ce ya faɗa, ya faɗa da bakinsa. Kallon bidiyo ba ya maye gurbin nunawa.

To ina matsayin takardar tsarin zama? Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san bambancin manhaja da shirin darasi. Manhaja daga sama take zuwa, ba ka taɓa ta. Yadda za ka shigar da ita kan yara kuwa naka ne. Tsare-tsaren zaman da ƙungiyar ke bugawa shirin darasi ne da wani ya rubuta maka don ya rage maka wahala. A shafin yanzu ma abin a fili yake: ƙarƙashin kowane sharaɗi an jero ayyuka biyu ko uku ka zaɓa, an nuna wanda ke buƙatar kaya da yawa, da wanda ke cin lokacin shiri, da wanda zai sa yara guje-guje. Wanda ya ba ka zaɓi bai ɗaure ka ba. In ka ƙirƙiro naka aikin, muddin ya cika sharaɗin kamar yadda aka rubuta shi, ka yi daidai.

Dalilin da ya sa wasu ke ɗaukar takardar kamar doka yana cikin tarihi. Kafin 2010, yawancin aikin lambar Wolf da Bear a gida ake yinsa, iyaye su sa hannu a littafin yaro, zaman rukuni kuma ya bi wani jigo na wata-wata da jagora ke ginawa yadda ya ga dama. Yaron da iyayensa ke da lokaci ya ci gaba, wanda iyayensa ke aikin dare ya tsaya cik, ya ga abokansa na karɓar lamba shi babu, ƙarshe ya daina zuwa. A 2010 ƙungiyar ta dawo da aikin cikin zaman rukuni, ta fitar da littafi mai zama na ɗaya, na biyu, na uku a jere. Wannan jerin ne ya sa tsofaffin jagorori suka ji an karɓe musu linzami. A 2015 aka kawo tsarin zango-zango, sai jagorori suka koka cewa sharuɗɗan sun yi tsawo, shekarar karatu ba ta isa, aka sassauta su a ƙarshen 2016. Abin lura a nan shi ne sassaucin daga hedikwata ya zo, bayan an kai kuka ta hanyar da ta dace. Jagora bai rage da kansa ba.

Ga yadda abin ya kasance mini. Zangon fita waje na 'yan Wolf, wato 'yan aji biyu irin yarana, ya buƙaci yaro ya san kaya shida na dole, ya kuma nuna amfanin kowanne: akwatin taimakon gaggawa, gorar ruwa cike, tocila, guzuri, abin kariya daga rana, da usur. Maimakon in jera su a tebur, sai na zuba su cikin buhu tare da tarkace, har da cokali da tsohon takalmi da katin wasa, na ce kowa ya zura hannu ido a rufe ya laluba ya faɗi abin da ya kama, sannan mu yanke hukunci tare ko zai bi mu daji ko zai zauna a gida. Wani yaro da bai taɓa buɗe baki a zama biyu ba ya kamo usur, ya busa sau uku kamar yadda ake yi in an ɓata, ɗakin ya kaure da dariya da tafi. Wannan wasan ba daga takarda na ɗauko shi ba. Amma kowane yaro ya gane kayan shida, ya nuna amfaninsu, na sa hannu da zuciya ɗaya.

Sati biyu bayan nan na so in wuce gona da iri. Na tuna ƙuruciyata, na yanke shawarar koya musu haɗa danƙon harbi mu jera gwangwanaye a bayan gida. Na gaya wa mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran, wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ke taimaka mini, kuma ta riga ni shiga harkar da shekara uku. Ta ce, "Malam, ka duba littafin kariya tukuna. Wannan ba a hannunmu yake ba." Na ce, "Hajiya, danƙo fa?" Ta ce, "Ko danƙo ne." Gaskiyarta. Harbin danƙo, da kwari da baka, da bindigar iska, ba a yin su a zaman rukuni. Sai a taron da gunduma ko majalisar yanki ta shirya, ƙarƙashin wanda aka horar kan kula da filin harbi. Wuƙar aljihu ma sai yaro ya kai aji uku.

Wannan ita ce doka ta biyu, kundin Guide to Safe Scouting, wato littafin kariyar da Hajiya ta ambata, kuma ita ce iyakar da mai tsara nasa shirin ya fi saurin mantawa da ita. Wanda ke bin rubutacciyar takarda ya huta, domin an riga an tace masa. Mai ƙirƙira kuwa shi zai tace da kansa. Kowane zama sai da manya biyu masu rajista 'yan shekara 21 zuwa sama. In akwai yarinya a rukunin, dole a samu mace babba mai rajista. Babba ba ya keɓewa da yaron da ba nasa ba, ko a ɗaki, ko a mota, ko ta saƙon waya. 'Yan Lion da Tiger kowa da babbansa yake zuwa. Kwanan daji na babban rukuni sai da wanda ya yi horon da ake kira BALOO. Waɗannan ƙa'idoji ba ado ba ne. Ƙungiyar ta shiga kotun fatara a Fabrairun 2020 saboda ƙararrakin cin zarafin yara, mutum sama da 80,000 suka shigar da koke, aka ware fiye da dala biliyan biyu don biyan diyya. Duk ranar da na ji nauyin jiran babba na biyu kafin in buɗe zama, wannan nake tunawa.

Akwai wuraren da dokar da kanta ta bar ƙofa a buɗe. Yaro mai buƙata ta musamman, shugaban babban rukuni da kwamiti na iya amincewa da wani aiki makamancin wanda aka rubuta, daidai ƙarfinsa. Yaron da shekarar karatu ta ƙare bai gama ba, kwamiti na iya ƙara masa 'yan makonni bayan shawara da jagora da iyaye. Zangon iyali da addini kuma galibi a gida ake yinsa, kowa bisa imaninsa, kuma yaro na iya cika shi ta hanyar samun lambar addininsa. Ta ƙananan yara Musulmi sunanta Bismillah. A nan jagora ya fi kyau ya ja baya ya bar wa iyaye.

In sabon jagora ya tambaye ni, cewa nake ya riƙe takardar a watannin farko, kada ya ji kunyar haka. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban yara bakwai 'yan shekara bakwai na awa ɗaya ba bai san yadda minti biyar na shiru ke rikiɗewa ya zama kokawa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar za ta koya masa a tanadi abin yi ga waɗanda suka zo da wuri, a buɗe da alkawarin sikawut, a gajarta magana, a rufe a kan lokaci. Da ya san yaransa, wane ne ba ya iya zama, wane ne ke jin kunyar karatu a gaban mutane, sai ya fara musanya aiki ɗaya da nasa, ya ga yadda ta kaya.

Ni yanzu kafin kowane zama ina ɗauko katin kwali in rubuta sharuɗɗan ranar a gefen hagu, kalma da kalma kamar yadda suke a littafin yaro, in rubuta abin da za mu yi a gefen dama. In na ga wani layi na hagu babu abokinsa a dama, shirin bai kammala ba. Sai in tura wa Hajiya hoton katin, ta duba shi da littafin kariya, ta amso mini kafin ranar Talata da muke zama.